Ƙaramar Laftof Mai Araha a Saudiyya da Ƙara Mata RAM: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini

Duk farkon shekarar karatu, da zarar sababbin ɗalibai sun sauka Madina sun gama zirga-zirgar iƙama da buɗe asusun banki, abin da ake fara ƙwanƙwasa mini ƙofa a kansa shi ne laftof. Haka ma lokacin Umrar azumi da bayan saukowa daga Arfa, saƙonni kan yi ta shigowa daga 'yan'uwa na Makka da Jidda: Alhaji yana so ya riƙe wa yaro tsaraba, wacce za a saya? Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tara su wuri guda, yadda ake yi mini su da yadda nake amsawa.

Malam, shi RAM ɗin nan da kuke ta ambata, ba shi ne wurin ajiye kaya a kwamfuta ba?

A'a, ɗan'uwa, abu biyu ne daban, kuma masu shago na jin daɗin yadda mutane ke cakuɗa su. Ka ɗauki gidan manomi. Akwai rumbu, akwai turmi. Rumbu shi ne ma'ajiya, wato SSD ko HDD, inda littattafanka da hotunanka da manhajojinka suke kwance ko an kashe kwamfuta. Turmi shi ne RAM: abin da ake aiki a kansa yanzu-yanzu, shi ake ɗebowa a zuba a ciki. Kana kashe kwamfuta, turmi ya zama fanko.

Idan turmin ƙarami ne, komai girman rumbu, sai mai daka ta yi ta safa da marwa, ta kwashe wannan ta ɗebo wancan. Wannan kai-kawon shi ne nauyin da kake ji idan ka buɗe Word da shafukan intanet goma da Maktabatush Shamila, manhajar nan ta littattafan addini, lokaci guda, ka danna abu ka zauna jira. Saboda haka idan ka ga an rubuta 4GB/64GB, lambar farko turmi ce, ta biyu rumbu.

Giga nawa zai ishe ni?

Microsoft ta ce mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke bukata shi ne giga 4 na RAM da giga 64 na ma'ajiya. Amma wannan iyakar tashi ce kawai, kamar a ce mota za ta tashi da lita ɗaya ta mai. Windows kanta za ta cinye kaso mai tsoka na giga huɗun tun kafin ka buɗe komai.

Ga mai rubutu, karatu, darasi ta Zoom da binciken littattafai, giga 8 ya wadatar. Mai rubuta risalar digiri na biyu ko na uku, wanda ke barin littattafan PDF ashirin a buɗe har mako, ya nemi 16. Abin da ya haura haka a ƙaramar laftof mai araha, ɓarnar riyal ce kawai.

Na ga sabuwa fil a kwali, ƙarama, mara nauyi, kuɗinta kamar kyauta, amma giga 4 ce. In saya, in ƙara mata daga baya idan kuɗin wata ya shigo?

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa, kuma don wannan tambayar na zauna rubuta duk sauran.

A da, kusan kowace laftof tana da gurbi a cikinta inda ake soka RAM, kamar yadda ake soka layi a waya. Ka zare na ciki, ka sa wanda ya fi shi. Yanzu kuwa mafi yawan ƙananan nan masu inci 11 zuwa 14 da ake sayarwa da arha, an narka musu RAM ɗin ne da dalma a jikin babban allon injin tun daga masana'anta. Babu gurbi, babu abin zarewa. Yadda ka saye ta da giga 4, haka za ta mutu da giga 4. Galibi za ka same su da furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, mai suna Celeron, irin su N4020 ko N4500, da ma'ajiya da ake kira eMMC mai giga 64, wadda ita ma a liƙe take. Wato turmi ƙarami, rumbu ƙarami, kuma duka an gina su da siminti.

Ni kaina da ita na fara. Shekarata ta farko na shiga wani shago, na ga wata shuɗiya siririya, na tambayi mai shagon ko ana ƙara mata, ya ce mini "mumkin, mumkin", wato zai yiwu, yana kallon wayarsa. Bayan wata biyu, da ta ishe ni da jan ƙafa, na sayi RAM na kwance ta a ɗaki, na yi ta juya ta ina neman inda zan soka. Babu. Ƙarshe RAM ɗin wani ɗan Sakkwato na ba, laftof ɗin kuma ta koma ta sauraron karatu. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, ni kuwa na biya kuɗin makarantar wannan karin maganar.

Ba ina cewa duk sabuwa mai araha haka take ba. Akwai masu gurbi ɗaya, akwai waɗanda aka liƙe musu giga 4 ko 8 aka kuma bar gurbi guda a buɗe. Wani lokaci ma suna ɗaya, kamanni ɗaya, amma wadda aka ƙera bara tana da gurbi, ta bana babu. Don haka "zan ƙara daga baya" ba niyya ce da ake ɗaurawa ido rufe ba. Sai ka tabbatar da gurbin kafin ka miƙa katin bankinka na Mada.

Chromebook da MacBook Air kuwa kada ma ka sa rai. MacBook Air tun asalinta a liƙe take zuwa, Chromebook ma kusan dukansu haka.

To yaya zan tabbatar tun a shago, alhali ba za su bar ni in kwance ta ba?

Hanya uku, kuma ka haɗa aƙalla biyu.

Ta farko, juya ta ka karanta cikakkiyar lambar samfurin da ke ƙasanta, ba sunan da ke kan kwali kaɗai ba. Ka nemi takardar bayanin kamfanin da wayarka a nan tsaye. Lenovo na da shafi mai suna PSREF da ke bayyana kowane samfuri dalla-dalla, Dell kuma ana sa lambar Service Tag a shafinsu, HP ma na fitar da littafin gyara na kowane samfuri. Kalmar da kake nema ita ce SO-DIMM, sunan RAM ɗin laftof mai zaruwa ke nan. Idan ka ga an rubuta soldered ko onboard, a liƙe yake. Idan ka ga LPDDR, ko na 3 ko na 4 ko na 5, a irin waɗannan masu arahar shi ma a liƙe yake.

Ta biyu, idan tana kunne, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, sannan Memory. A ƙasa za ka ga adadin gurabun da aka cika, misali 1 of 2, da kuma siffar RAM ɗin. Idan ta rubuta SODIMM, alama ce mai kyau. Idan ta rubuta Row of chips, a liƙe yake. Sai dai wannan allon yakan yi ƙarya wani lokaci, ya nuna gurbi biyu alhali ɗayan ba a ma dasa shi ba. Shi ya sa na ce a haɗa da takardar kamfani.

Ta uku, idan ta hannu ce a shagon masu gyara, ka ce a buɗe bayanta ka gani. Noti shida ko takwas ne, ba ya cin minti biyar. Wanda ya ƙi, akwai shago kusa da shi.

Kai wacce kake ba mutane shawara su saya?

Ra'ayina ne, wani na iya saɓa mini: da kuɗin sabuwa mai giga 4 liƙaƙƙe, gara tsohuwar laftof ɗin ofis, wadda kamfanoni suka yi aiki da ita 'yan shekaru suka sallamar. A nan ana ce musu musta'amal, waɗanda aka sabunta kuma mujaddad. Mu a gida mu ce tokumbo. An ƙera su ne don a riƙa buɗewa ana gyarawa, kuma kayan gyaransu sun cika kasuwa daga nan har Kano.

Cikin ƙanana, HP EliteBook 830 G5 mai inci 13.3 tana da gurbi biyu na RAM nau'in DDR4, tana ɗaukar har giga 32. Lenovo ThinkPad L380 da L390 ma gurbi biyu ne. ThinkPad T480 ta ɗan fi su girma, inci 14, ita ma gurbi biyu, kuma masu gyara na sonta ƙwarai.

Amma ka lura da dangin ThinkPad X, don nan ake ruɗa mutane. X230 gurbi biyu gare ta. X240 zuwa X270 gurbi ɗaya-ɗaya. X280 da X390, kyawawa ne sirara, amma RAM ɗinsu a liƙe yake. Idan X280 ta burge ka, to ka nemi wadda ta zo da giga 16 tun asali, ko ka haƙura da 8 har abada.

Mai shago ya ce mini furosesarta Core i7 ce, kuma ta fi wata i5 araha. Ba garaɓasa ba ce?

Tambaye shi shekarunta. Sunan i7 tun kusan 2008 ake amfani da shi, kamar sunan gidan sarauta ne, akwai kaka akwai jika. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye: i7-3520M zubi na 3 ne, na shekarar 2012, i5-8250U zubi na 8 ne, na 2017, i5-1135G7 kuma zubi na 11. Wannan i5 ta zubi na 8 tana da injina huɗu a cikinta, i7 ɗin can ta 2012 biyu gare ta. Jikar ta tsere wa kakar nesa ba kusa ba.

Zubi na 8 yana da wani muhimmanci kuma. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ƙarin wa'adin shekara guda ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa a hukumance daga zubi na 8 na Intel take farawa, a ɓangaren AMD kuma daga Ryzen 2000, tare da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Masu shago sun iya ɗora Windows 11 a kan tsofaffi ta bayan gida, ka gan ta tana aiki lafiya. Microsoft dai ba ta yi alkawarin ci gaba da ba irin waɗannan sabuntawa ba. Idan kana da zaɓi, kada ka sauka ƙasa da zubi na 8.

Ina ake samu?

Sababbi akwai su a manyan shagunan Jarir da eXtra, da Amazon da Noon ga mai saye ta intanet. Na hannu kuwa, a Riyad akwai Harajin Kwamfuta da ke Ulayya, a Jidda akwai shagunan titin Khalid bin Walid. Bayan sallar Isha kasuwar ta fi ci. Sai manhajar Haraj, inda mutum ke sayar da tasa kai-tsaye. A can akan dace da rahusa, amma kada ka tura kuɗi kafin ka riƙe kaya a hannu.

Ka tambaya ko farashin da aka faɗa maka ya haɗa da dariba, wato harajin saye. Tun Yulin 2020 harajin saye ya koma kashi 15 cikin ɗari, wato abin riyal 1,000 ya zama 1,150. Kuma ka karɓi fatura, wato rasit, mai ɗauke da lambar jikin laftof ɗin. Kayan da wani ya tare ka da shi a bakin titi ba takarda, ko nawa ya rage maka, bar masa abinsa. Baƙo a ƙasar mutane ba ya bukatar a same shi da kayan da bai san asalinsa ba.

Idan ta hannu ce, me zan duba kafin in biya?

Batir da farko. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar maka da rahoto mai nuna ƙarfin batir na asali da abin da ya rage masa yanzu. Idan ya sauka zuwa rabi, ka sa kuɗin sabon batir cikin cinikin. Ka kuma ɗora ta a kan tebur ka ga ko tana zama daidai. Idan bayanta ya yi tozo ko wurin linzamin yatsa ya ɗago, batir ya kumbura, kuma zafin ƙasar nan yana saurin jawo haka.

Sannan ka shiga BIOS, wato saitunan injin da ake shiga tun kafin Windows ta tashi, ka tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba. Laftof ɗin ofis wani lokaci takan zo da makullin kamfanin da ya sallame ta, ko kuma idan aka sake ɗora Windows ta nemi a shiga da asusun wancan kamfanin. Wannan ciwon kai ne da ba ka bukata. Sauran kuwa sananne ne: danna kowane harafi, gwada kamara da lasifika da duk ramukan USB, buɗe farin shafi ka duba tabo a gilashi, ka buɗe murfin ka rufe ka ji ko maratayin ya saki.

Na tabbatar tana da gurbi. Wane RAM zan saya?

Wanda ya yi daidai da zubin laftof ɗinka, don ba sa shiga gurbin juna. DDR3 na laftof yana da haƙora 204, DDR4 yana da 260, DDR5 kuma 262, kuma 'yar tsagar da ke tsakanin haƙoran ba a wuri ɗaya take ba. Idan ka ga ya ƙi shiga, ba ƙarfi ya rage ba, ba nasa ba ne. RAM ɗin kwamfutar tebur kuma dogo ne, kusan ninki biyu, kada a haɗa ka da shi.

Mafi sauƙi shi ne ka karanta takardar da ke manne a jikin na ciki. PC3L-12800S na nufin DDR3L mai gudun 1600. PC4-2400T ko PC4-2666V ko PC4-3200AA duk DDR4 ne. PC5 kuma DDR5. Ɗauki hotonta ka nuna wa mai shago, ko ka cire shi ka tafi da shi a aljihu cikin takarda. Wanda bai son buɗewa tukuna, manhajar CPU-Z kyauta ce, za ta faɗa masa.

Akwai tarko ɗaya ga masu tsofaffi: harafin L ɗin nan. DDR3 yana aiki da wuta bolt 1.5, DDR3L kuma 1.35. Siffarsu ɗaya, suna shiga gurbi ɗaya, amma laftof da yawa na zubi na 4 da na 5 na Intel DDR3L kaɗai suke karɓa. Ka sa mata wanda ba L, ta yi maka shiru.

Kuma kowace laftof tana da iyakar da take ɗauka. Duba takardar kamfani kafin ka sayi giga 16 ga wadda 8 ce iyakarta.

Dole ne ya zama kamfani ɗaya da na ciki?

Ba dole ba. Samsung da SK hynix da Micron su ne manyan masu ƙera ƙwayoyin, Kingston da ire-irensa kuma su harhaɗa su sayar, kuma galibi suna zama lafiya da juna. Idan gudunsu ya bambanta, duka biyun za su koma tafiyar mai jinkirin. Idan kana da gurbi biyu, 8 da 8 ya fi 16 guda ɗaya daɗin aiki, don injin yana ɗiba ta hanya biyu lokaci guda. Haɗa 4 da 8 ma yana aiki, ka sami 12.

RAM na hannu ba abin gudu ba ne, yana cikin kayan kwamfuta mafi daɗewa ba su lalace ba. Tun ƙarshen 2025 da farashin sabo ya yi tashin gwauron zabo saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna wawashe shi, na hannun ya ƙara daraja. Wannan ma dalili ne na yin lissafi tun farko: tambayi kuɗin RAM ɗin a ranar da kake cinikin laftof, ka haɗa su. Sau da yawa wadda ta riga ta zo da giga 16 takan fi arha a kan mai 8 da za ka ƙara wa. Kuma a shagon na hannu kana iya cewa su ƙara maka a cikin cinikin, su karɓi na cikin.

Zan iya sawa da kaina, ko sai na kai wa mai gyara?

Wanda ya iya canza batir ɗin agogo zai iya. Kana bukatar ƙaramin sukundireba mai bakin gicciye da wani tsohon katin roba.

Kashe ta gaba ɗaya, ba barci ba, ka zare caja. Idan batir na waje ne, cire shi. Idan na ciki ne, bayan ka buɗe murfin ka zare wayarsa daga allon kafin ka taɓa komai. ThinkPad ma tana da wuri a BIOS da ake kashe batir ɗin ciki don irin wannan aikin. Kwance notin, ka jera su yadda ka cire su, don wasu sun fi wasu tsawo, kuma dogon noti a gajeren rami yana iya huda allo. Bi gefen murfin da katin a hankali har maƙallan su saki.

Kafin ka ɗauki RAM, taɓa wani ƙarfe. Ba camfi ba ne. Iskar Madina da Riyad busasshiya ce, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga kafet a ko'ina. Wannan ɗan tartsatsin da ke tsikarin ka idan ka kama hannun ƙofa ya isa ya kashe RAM. Kada ka yi aikin a kan kafet ko bargo, kuma ka riƙe shi ta gefe, ba ta haƙoran zinaren ba.

Na ciki yana riƙe ne da 'yan ƙarafa biyu a gefe. Buɗa su waje kaɗan, zai ɗago da kansa, ka zare. Sabon kuma ka daidaita tsagarsa da ta gurbin, ka soka shi a karkace har haƙoran su kusa ɓacewa, sannan ka danna shi ƙasa har ka ji ƙas. Mayar da wayar batir, rufe, kunna. Ni nakan bar notin sai na ga ta tashi.

Na sa, na kunna, allo baƙi ƙirin. Na kashe ta ke nan?

Kwantar da hankalinka. Da farko ba ta minti biyu ko uku. Bayan canza RAM wasu sukan daɗe a tashin farko, musamman masu DDR5. Idan ba ta tashi ba, mafi yawan lokuta bai zauna ba ne. Cire ka sake sokawa da ɗan ƙarfi. In ta ƙi, mayar da tsohon shi kaɗai. Idan ta tashi da shi, laftof lafiyarta lau, sabon ne bai dace ba ko matacce ne, sai ka koma da faturarka.

Idan kuma ta tashi, kada ka yi saurin murna. Rubuta mdsched a wurin bincike na Windows ka bar ta ta gwada shi, ko ka sa MemTest86 ta kwana tana aiki. RAM mai lahani ba ya nuna kansa nan take, sai tsakiyar babi na uku allo ya yi shuɗi. Idan ka sa giga 8 ta nuna tana amfani da ƙasa da 4, duba ko Windows ɗinka mai bit 32 ce, don ita ba ta wuce giga 4. Idan kaɗan ne ya ɓace, ɓangaren hoto ne ya ɗebi rabonsa, ba komai.

Hajiya ta ce an ƙara wa tata RAM amma har yanzu tana nauyi.

To Hajiya, a duba rumbun. Idan har yanzu HDD ne a ciki, mai faifan nan da ke juyawa yana ƙara, shi ne mai laifin. Canza shi zuwa SSD ya fi ƙarin RAM nuna bambanci a tsohuwar laftof. Da za a ce in zaɓi ɗaya ga mai giga 8 da HDD, SSD zan ce ba tare da tunani ba. Akwai mai faɗin inci 2.5, akwai siriri mai suna M.2, shi ma iri biyu ne, SATA da NVMe, sai a duba wanda take karɓa.

A Task Manager ana gane inda gizo ke saƙa. Idan Memory ya cika, RAM ne. Idan Disk ne ke tsaye a 100, ma'ajiya ce. Idan CPU ne kullum a sama, furosesar ce ta gaza, kuma ita ba a canza ta.

Sai zafi. Injin laftof idan ya ɗau zafi yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Ƙura ta toshe fanka, an ɗora ta a kan katifa, ga bazarar Makka da ke haura digiri 45. A share fankar, a ɗora ta a kan abu mai tauri, kuma kada a bar ta a cikin mota da rana ko na sa'a ɗaya.

Buɗe ta ba zai ɓata mini damani, wato garanti, ba?

Sabuwar na'ura da aka saya a hannun wakili a ƙasar nan tana da damanin shekara biyu, kuma Ma'aikatar Kasuwanci na karɓar ƙorafi a lamba 1900. Game da buɗewa, kamfanoni sun bambanta: a wasu samfuran an sa RAM cikin abin da mai kaya ke iya canzawa da kansa, a wasu kuma a'a. Abin da ka fasa da hannunka dai ba mai biyan ka. Idan tana cikin damani, tambayi wurin da ka saya, ko ka bar su su sa maka, kuma ka adana RAM ɗin asali. Masu saye ta intanet su lura da wadda aka rubuta mata "nuskha duwaliyya", wato samfurin ƙasashen waje, don damaninta sau da yawa na mai sayarwa ne, ba na wakili ba. Ta hannu kuwa, abin da mai shago ya rubuta a fatura shi ne damaninka, ba abin da ya faɗa da baki ba.

Ni na riga na sayi mai giga 4 liƙaƙƙe. Shi ke nan?

Ba a jefar da ita. Idan ta zo da Windows a yanayin S mode, wanda ba ya barin a ɗora komai sai daga shagon Microsoft, ana fita daga shi kyauta, amma ba a komawa. Kashe manhajojin da ke tashi tare da ita, rage shafukan da kake bari a buɗe, ka kwashe littattafai zuwa katin ajiya ko filas. Shamila tana da shafi a intanet, ba dole sai ka sauke ta duka a kan giga 64 ba. Wasu irin waɗannan laftof suna da gurbin M.2 na SSD a ɓoye ko da RAM a liƙe yake, a duba. Mai ƙarfin hali kuma ya ɗora mata Linux Mint Xfce ko Lubuntu a maimakon Windows, za ta sami sauƙin numfashi. Idan mai shago ya ce zai narke na jikin allo ya dasa maka babba, akwai masu iya wannan, amma kuɗin aikin da haɗarinsa sun fi ƙarfin laftof mai wannan farashin.

Akwai wata 'yar ƙarama a gida tun zamanin Windows 7, Asus Eee PC. A ƙara mata?

Irin waɗannan sun fara fitowa a 2007, akasarin masu furosesar Atom giga 2 ne iyakarsu. Bar ta ta huta, Alhaji.

Tsaraba ce zan kai gida. Za ta yi aiki da wutarmu?

Za ta yi. Duba jikin cajar, za ka ga an rubuta 100 zuwa 240 bolt, 50 ko 60, wato tana karɓar wutar Saudiyya da ta Nijeriya da ta Nijar duka. Filogi mai ƙafa uku da ake amfani da shi a nan shi ne na Nijeriya. Mutanen Nijar ne za su nemi ɗan mahaɗi mai ƙafa biyu. Allon rubutun zai zo da haruffan Larabci da na boko tare, abin da ɗan makarantar Islamiyya zai yi murna da shi, kuma Windows tana da tsarin rubutun Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, a saituna ake ƙara shi.

A jirgi, sa ta a jakar hannu. Batir ɗin da ba a jikin na'ura yake ba, da fawa-banki, ba a yarda a sa su a kayan awo ba sam, kuma ita kanta laftof ɗin ba za ta ji daɗin kwanciya ƙarƙashin katan ɗin dabino ba. Idan za a ƙara mata RAM, a yi shi a nan, aƙalla kwana uku kafin tashi, don a gwada ta sosai tun mai shagon yana kusa. Tsohon RAM ɗin da aka cire a naɗe shi a ledar sabon a sa a jakar tare da faturar. Ko a kasuwar Beirut ta Kano aka kai ta gyara wata rana, da shi za a fara gwadawa.